Tasha Ɗaya, Dogo Biyu: Nazari kan Haɗuwar Jirgin Ƙasa da Tiram a Babbar Tashar Karlsruhe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda birnin Karlsruhe na ƙasar Jamus ya haɗa babbar tasharsa ta jirgin ƙasa da matsayar tiram, wato taragon lantarki da ke bin titunan gari. An bi tarihin tashar, aka kuma duba matsalolin injiniya da na doka da haɗin ya haifar. Maƙalar na ganin cewa nasarar tsarin ta samo asali ne daga kawar da wahalar sauka da sake hawa, kuma wannan nasarar ce ta jawo wa birnin kashe kuɗi mafi yawa daga baya.

1.0 Gabatarwa

Masu tsara sufuri sun daɗe da lura cewa fasinja ya fi jin ciwon mintin da ya ɓata yana jira a dandamali fiye da mintin da ya yi zaune cikin tarago, ko da tafiyar ta yi tsawo. Saboda haka birane da dama suke kawo matsayar tiram bakin ƙofar tasha, don a gajarta tattakin. Karlsruhe, birni mai mutane kimanin 300,000 a jihar Baden-Württemberg, ta zarce nan. Maimakon fasinja ya sauya abin hawa, sai ta sa abin hawan ya sauya dogo.

2.0 Yadda Tashar ta Nisanci Gari

Tashar farko, wadda aka buɗe a 1843, tana kan titin Kriegsstraße ne, dab da tsakiyar gari. Da zirga-zirga ta yawaita, sai mararrabun dogo da titi suka zame wa jama'a alaƙaƙai, ana yawan rufe hanya don jirgi ya wuce. A watan Oktoba na 1913 aka koma sabuwar tasha a kudancin birni, wadda August Stürzenacker ya zana. An huta da cunkoson mararraba, amma an sayi wata matsalar: yanzu tsakanin tasha da dandalin Marktplatz akwai tazarar da ba ta gaza kilomita ɗaya da rabi ba. Duk wanda jirgi ya kawo daga ƙauye don aiki ko cefane dole ya fito farfajiya ya jira tiram. Tun daga lokacin farfajiyar nan ta zama rabin tasha.

Abu guda ya taimaki birnin, ba kuma don an hango gaba ba. Dogon tiram na Karlsruhe yana da faɗin milimita 1,435, daidai da na babban layin ƙasa, alhali biranen makwabta irin su Mannheim da Freiburg suna amfani da mai faɗin mita ɗaya. A 1957 aka kafa kamfanin AVG, wanda ya karɓi layin kwarin Alb, ya faɗaɗa dogonsa, ya haɗa shi da na cikin gari. A 1979 kuma tiram ya fara bin wani layin dakon kaya zuwa Neureut.

3.0 Tarago Mai Shan Wuta Biyu

Ranar 25 ga Satumba, 1992, ƙarƙashin jagorancin Dieter Ludwig, aka buɗe layin Karlsruhe zuwa Bretten. A lokacin, tarago ɗaya ke tasowa daga Bretten a kan dogon kamfanin jiragen ƙasa na tarayya, ya hau wata gajeriyar mahaɗa a Durlach, ya shigo titin gari, ya ratsa kasuwa, ya tsaya a farfajiyar babbar tasha. A 1996 aka gina mahaɗa ta biyu a Albtalbahnhof, yamma da tashar kaɗan, wadda ta buɗe hanya zuwa Baden-Baden. Cikin ƙanƙanin lokaci fasinjojin layin Bretten suka ninka sau da yawa.

Wutar lantarki ce cikas na farko. Tiram na amfani da bolt 750 na wuta mai gudu ɓari ɗaya, babban layi kuwa bolt 15,000 na wuta mai kai-komo. Sai aka ɗora wa taragon taransifoma, aka kuma bar wani guntun waya marar wuta a tsakanin layukan biyu. Tarago na wucewa wurin da ƙarfin gudunsa, na'ura ta gane irin wutar da ke gaba, ta sauya da kanta. Yawancin fasinjoji ba sa ma sanin an yi.

Sai ƙafafun ƙarfe. Dogon titi yana da siririn kwarmi da bakin ƙafar ke bi, mahaɗun babban layi kuma an ƙera su ne don ƙafa mai kauri. Dole aka sassaƙa ƙafa ta tsaka-tsaki wadda kowane ɓangare zai karɓa. Ga kuma doka: a titi ana bin ƙa'idar BOStrab, inda direba ke tuƙi da ido kamar mai mota, a babban layi ana bin ƙa'idar EBO, inda sigina ce ke ba da izini. Direba ɗaya sai ya ƙware a duka biyun.

A ganin wannan nazari, inda aka fi jin jiki shi ne tsayin dandamali, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Tiram na zamani na son dandamali mai santimita 34, tarago mai wuta biyu na son 55, manyan tashoshin Jamus kuwa da yawa 76 ne. Injiniya na iya ɓoye sauyin wuta a cikin rufin tarago, amma ba shi da inda zai ɓoye tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙasa. Mai keken guragu da tsohuwa mai sanda da uwa mai tura jariri su ne ke biyan wannan bambanci. Shi ya sa a wasu matsayu ake gina dandamali mai hawa biyu, kowane irin tarago da inda zai daidaita ƙofarsa.

4.0 Kuɗin Nasara

Da layuka suka yawaita, kusan dukansu sai suka riƙa bi ta Kaiserstraße, titin kasuwa da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa. Taragu suka jeru kai da wutsiya, har tsallaka titi ya zama aiki. Jinkirin da aka samu a kasuwa kuma yakan bi tarago har babban layi, inda kowane jirgi ke da mintinsa. A 1996 jama'ar birnin suka ƙi amincewa da haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a ƙuri'ar raba-gardama, a 2002 suka amince da sabon tsari. An fara aiki a 2010, aka buɗe hanyar tiram ta ƙarƙashin ƙasa a Disamba 2021, kuma jimillar kuɗin, haɗe da hanyar motoci ta ƙarƙashin Kriegsstraße, ta kai kusan Yuro biliyan 1.5, kimanin ninki uku na ƙiyasin farko. Tsarin da aka yaba da arha, saboda ya ari dogon da yake akwai, ya ƙare da haƙa mai tsada.

Nisa ma ya nuna iyakarsa. Taragon ba ya wuce kilomita 100 a awa, kuma matsayunsa na da yawa. Daga Disamba 2022 aka mayar da wasu dogayen tafiye-tafiye hannun jiragen ƙasa na kamfanin DB Regio, waɗanda ke shiga cikin tashar kanta. Saarbrücken a 1997, Kassel a 2007, Mulhouse ta Faransa a 2010 da Sheffield ta Ingila a 2018 duk sun ɗauki tsarin, amma babu wadda ta shimfiɗa shi da faɗi kamar Karlsruhe.

5.0 Abin Dubawa daga Idu

Tashar Idu ta Abuja ta haɗa layin Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, da jirgin cikin gari na 2018, kuma ita ma tana nesa da inda jama'a ke hada-hada. Sai dai jirgin Abuja na bin keɓaɓɓen dogonsa ne, ba ya shiga titi, don haka batun tarago mai wuta biyu bai taso ba. Abin da ya kamata a auna a Idu ya fi sauƙi: mita nawa ne daga ƙofar wannan jirgi zuwa ta wancan, minti nawa ake jira, kuma tikiti nawa fasinja zai yanka. A Karlsruhe, hukumar sufuri ta KVV da aka kafa a 1994 ce ta mayar da amsar tambaya ta ukun tikiti ɗaya, ko ta titi aka bi ko ta babban layi.