Kuɗin Fito na Zamani: Tarihin Harajin Manyan Motoci a Tsakiyar Turai

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda harajin hanya da na'ura ke karɓa ya sauya sufurin kaya tsakanin ƙasashen Turai. Asalin matsalar daɗaɗɗiya ce: ƙasar da take tsakiya ita ke gyaran hanya, alhali da yawa daga cikin masu farfasa ta baƙi ne masu wucewa.

Suwizalan ce ta fara a 2001, inda ta ɗora haraji bisa nisan tafiya da nauyin mota da yawan hayaƙinta. Wannan ya zo ne cikin ciniki da Tarayyar Turai: ta yarda a ɗaga iyakar nauyi daga tan 28 har zuwa tan 40 a 2005, ta kuwa zuba kaso mai tsoka na kuɗin wajen haƙa hanyoyin jirgin ƙasa ƙarƙashin duwatsun Alps, irin na Gotthard da aka buɗe a 2016. Austiriya ta biyo baya a 2004.

Tsarin Jamus shi ya fi girgiza masu sufuri. An shirya farawa a 2003, amma na'urorin suka gaza, sai ranar 1 ga Janairu, 2005. Akwatin da ke cikin mota yana auna tafiya ta tauraron ɗan Adam, ba tare da shinge ko tsayawa ba. Da farko motoci masu tan 12 zuwa sama ya shafa. Aka sauko tan 7.5 a 2015, sannan sama da tan 3.5 a 2024.

Sakamakon bai tsaya a iyakar Jamus ba. Direbobi suka riƙa tsallaka kogin Rhine suna bin hanyar Alsace ta Faransa wadda ba a biyan komai, wato an kashe maciji ba a sare kansa ba. Faransa ta yi yunƙurin kafa nata harajin, sai boren 'yan jar hula na Biritaniyar Faransa a 2013 ya tilasta jingine shi, aka soke shi a 2014, bayan an riga an kafa na'urori.

Haka nan batun ya kai gaban shari'a. A 2020 Kotun Turai, cikin ƙarar wasu masu sufuri na Polan, ta yanke cewa Jamus ta yi kuskure da ta sa kuɗin 'yan sandan hanya cikin lissafin harajin, domin doka ta ɗaure shi da tsadar hanya kaɗai.

Abin lura a nan shi ne, cire shingen kwastan bai kawar da iyaka ba. Kowace ƙasa ta kafa tsarinta, har mota guda ta riƙa ɗaukar akwatuna da dama, abin da ya fi nauyi ga ƙaramin mai mota. Kuɗin kuwa a ƙarshe kan farashin kaya yake sauka, mai saye ya biya.