Kaka da Labaran Razanarwa: Karanta Na Da Tare da Na Yanzu a Ƙasar Kabi

A Ingila da Amurka, da zarar watan Oktoba ya kama, masu shagunan littattafai kan fito da labaran ban tsoro su jera a gaba, tsofaffi da sababbi wuri ɗaya: Frankenstein na Mary Shelley (1818) da Dracula na Bram Stoker (1897) kusa da waɗanda aka buga bana. Dare yana ƙara tsawo a wurinsu, sanyi yana shigowa, ga kuma bikin Halowin na ranar 31 ga wata. Mu ba mu da wannan biki, ba ma kuma bukatarsa. Amma lokacin ya zo daidai da kakarmu, kuma tun kafin zuwan boko kaka ce ke buɗe ƙofar hira a ƙasar Hausa. A Augie da Argungu da sauran garuruwan da ke bin gulbin Rima, idan an kai gero rumbu, an shiga yankan shinkafa a fadama, iskar hunturu ta fara kaɗawa, to jiki ya sami sararin zama, ciki ya ƙoshi, tsofaffin mata kuma su buɗe bakin tatsuniya. Da rana ba a yin ta. Yara sun san an ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Wato al'adarmu da kanta ta ware wa labarin tsoro lokacinsa a shekara da sa'arsa a yini.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, labarin razanarwa mai inganci, na Turai ne ko na Hausa, kusan kullum labarin haƙƙi ne da aka danne, ya ƙi kwanciya. Mai karatun da ya tsaya ga littattafan yanzu kaɗai yakan rasa ganin haka, domin da yawansu sun ɗauki dodon sun bar haƙƙin. Sai an ajiye na da kusa da na yanzu giɓin ke fitowa.

Masana adabin Ingilishi sun yi ittifaƙi cewa adabin Gotik, wato na razanarwa, ya soma ne da The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764. Wani basarake mai suna Manfred yana zaune a kan gadon da kakansa ya ƙwace ta hanyar ba mai shi guba. Ranar auren ɗansa, wani ƙaton kwalkwalin yaƙi ya faɗo ya murƙushe angon. Daga nan uban ya dinga kokawa da ƙaddara, har a ƙarshe ya soke 'yarsa ta cikinsa da wuƙa cikin duhu, yana zaton wata ce. To, a ɗauko Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar ƙaga labarai ta 1933. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu, wadda Abubakar ke so. Abubakar ya shiga duniya, ya keta dazuzzuka neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure. Yaron ya tashi ɓarawo, har ya kai ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Can uba ya kashe 'ya cikin rashin sani, nan ɗa ya kashe uba cikin rashin sani, kuma a duka biyun wanda bai ci ba bai sha ba shi ya biya bashin manya. Ban ga dalilin cewa ɗayan ya kwaikwayi ɗayan ba. Abin da ya haɗa su shi ne fahimtar cewa zalunci ba ya mutuwa da wanda ya aikata shi. An daɗe ana koyar da Jiki Magayi a makarantunmu a matsayin labarin soyayya da illar auren kuɗi. A ganina shi ne littafin razanarwa na farko a rubutaccen zube na Hausa, kuma har yau kaɗan ne suka kamo shi.

Tatsuniya ta riga shi nisa. Frank Edgar, wanda ya yi aikin mulki a lardin Sakkwato, ya tara labarai daga hannun malamai ya buga su cikin juzu'i uku na Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray ya fitar da nasa a 1913 daga rubutun ajami na Malam Shaihu, a shekarar da A. J. N. Tremearne ya buga Hausa Superstitions and Customs. Duk wanda ya zauna da waɗannan taskoki zai ga abin da zai sa tsikar jikinsa ta tashi. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta, an kori 'yar bora ta tafi wankin kirgi a wani ruwa mai nisa, a hanya ta iske bukkar da cinya da kare ke zaune, cinyar tana gurnani, karen yana fassara. Gaɓar jikin mutum ce ita kaɗai, tana karɓar baƙi. Babu wanda ya tsaya bayyana daga ina ta fito ko ta wane ne, kuma wannan shirun shi ne ƙarfin wurin. Amma a lura da abin da ya jefa yarinyar cikin daji tun farko: zaluncin cikin gida, na kishiya da na uban da ya kau da kai. Cinyar ma adalci ta yi mata. Abin tsoro na gaskiya a gida ta baro shi.

Ann Radcliffe, marubuciyar The Mysteries of Udolpho (1794), ta bambanta tsoro iri biyu a wata maƙala da aka buga a 1826 bayan rasuwarta: akwai fargabar abin da ba a gani sarai ba, wadda ke farkar da hankali, akwai kuma firgicin abin da aka baje a fili, wanda ke daskarar da shi. Kakanninmu mata ba su karanta ta ba, amma sun san aikin. Ba kasafai suke siffanta Dodo daga kai har ƙafa ba. Motsinsa ake ji, da muryarsa daga bakin gulbi ko bayan gari, kowane yaro ya ƙera nasa a zuciya.

Idan aka juyo ga abin da matasa ke karantawa yau, sai a yaba kafin a yi suka. Tun daga shekarun 1990 adabin kasuwar Kano ya samar da marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda suka riƙe masu karatu da labaran asiri da aljanu da matsafa a lokacin da soyayya ta mamaye kasuwa. Yanzu kuma harkar ta koma waya: ana rubutawa a Wattpad, ana rarrabawa babi babi a WhatsApp, ana karantawa da murya a YouTube, ta yadda manomin da bai iya boko ba a ƙauyen Augie zai iya sauraron littafi sukutum yana sheƙar shinkafa. Wannan ci gaba ne babba. Waɗannan labarai sun kuma kawo wani abu sabo, domin sun ɗauko tsoro daga daji sun shigo da shi birni, cikin katafaren gidan da ba a san tushen dukiyar mai shi ba, da ɗakin da aka hana amarya buɗewa, da ƙungiyar asirin da ke neman jinin ɗan'uwa. A nan sun kusanci Gotik na Turai fiye da yadda tatsuniya ta taɓa yi, don shi ma Gotik labarin gida ne mai ɓoye da sirri.

Inda nake da ja shi ne yadda da yawa daga cikin labaran waya ke warware ƙullin. Tun shafin farko an baje aljana da farcenta da jajayen idanunta, an zubar da jini, sannan a ƙarshe a kira malami ya yi ruƙiyya, aljana ta yi ihu ta fita, kowa ya koma harkarsa. Ba na musun matsayin addu'a a rayuwar Musulmi, kuma labarin da ya nuna ta bai yi laifi ba. Matsalar ta fasaha ce, har ta ɗabi'a: sharrin ya zo daga waje, an kore shi waje, ba wanda aka tambaya me ya aikata. A Jiki Magayi babu wannan mafita, domin abin da ke bin gidan Malam Shehu aikin hannunsa ne. A Frankenstein ma haka. Halittar da Victor Frankenstein ya harhaɗa ba ta fara da kisa ba. Sai da mai ita ya guje ta, mutane suka jefe ta, sannan ta fara kisa, da ta zo ta nemi haƙƙinta a wurinsa ya hana kuma sai ta zama abin da ta zama.

Akwai hujja mai nauyi da za a iya kawo mini, kuma ta cancanci amsa. Turawan da suka ƙirƙiri Gotik sun yi shi ne a zamanin da masu iliminsu ke cewa sun daina yarda da fatalwa, don haka tsoron nasu na nishaɗi ne. Mu kuwa samuwar aljanu tana cikin imaninmu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma a bakin gulbin Matan Fada na Argungu har yau ba a faɗa wa ruwa ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Mai karatun Bahaushe ba ya rufe littafi ya ce ai ƙarya ce ƙanzon kurege. Saboda haka labarin da ya zana tsohuwa matalauciya a matsayin mayya yana iya ƙarewa a kan wata tsohuwa ta gaske a wata unguwa ta gaske, kuma mun san irin wulaƙancin da zargin maita ke jawo wa marasa gata. Na yarda da wannan ƙwarai. Sai dai hujjar tana goyon bayan abin da nake faɗa ne. Labarin da ke neman mayya a waje shi ne mai haɗari. Wanda ke tono laifin mai ƙarfi a cikin gida, irin na Manfred ko na Malam Shehu, juya yatsa yake yi daga mai rauni zuwa ga mai iko.

Hujja ta biyu ta fi ciwo. A watan Nuwamba na 2024, a tsakiyar kaka, 'yan bindigar da ake kira Lakurawa sun kai hari garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, rahotanni suka ce mutum 15 sun rasa rayukansu. Mutanen da ke kwana da irin wannan fargaba, da ta ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa a 2020, me za su yi da labarin dodo? Amsar da na fi gamsuwa da ita daga Iraƙi ta zo. A 2013 Ahmed Saadawi ya buga Frankenstein fi Baghdad da Larabci, ya kuma ci babbar lambar ƙagaggun labaran Larabci ta duniya a 2014. Wani mai tsintar tsofaffin kaya ne yake tattara gaɓoɓin mutanen da bama-bamai suka tarwatsa, yana ɗinke su wuri guda domin a ɗauke su gawa a yi musu sutura. Gawar ta tashi tana neman fansar kowace gaɓa da ke jikinta, kuma da tafiya ta yi nisa sai ta kasa bambance mai laifi da marar laifi. Saadawi ya ɗauko littafin da aka rubuta kusan shekara 200 kafin nasa, ya faɗi abin da rahoton jarida ba ya iya faɗa game da garinsa. Wanda bai karanta Shelley ba zai ji daɗin labarin, amma rabinsa zai gani. A gida ma akwai masu wannan ƙoƙari: Abubakar Adam Ibrahim a The Whispering Trees (2012) da Dreams and Assorted Nightmares (2020) ya sa matattu da mafarkai sun yi magana a kan rayuwar Arewa, ko da yake da Ingilishi ya rubuta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ƙasar Kabi tana zaune a kan kayan aikin da Walpole sai da ya ƙago nasa. Ga kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, da ganuwarsa ta duwatsu, wanda aka bari a farkon ƙarni na 18 aka koma Birnin Kabi. Ga faɗuwar Birnin Kabi a hannun mayaƙan jihadi a 1805, da shekarun yaƙi tsakanin Kabawa da Gwandu da Sakkwato waɗanda Augie ta ga rabonta a cikinsu, da gabar da ta ci gaba har zuwa 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi bikin kamun kifi don girmama shi. Ga tsohuwar fadar Argungu da ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958, da kaburburan sarakuna a cikinta. Ga gulbi da kadojinsa da sirrin masunta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗauke da tambayar da adabin razanarwa ya ƙware a kanta: wa aka zalunta a nan, wa kuma ya gaji abin? Amma matashin marubuci a Argungu yakan kai labarinsa wani gidan bene a Abuja ko Dubai, ya ari aljanar fim ɗin Indiya, domin abin da ya karanta ya kalla ke nan.

Gyaran bai fi ƙarfin makarantunmu ba. Sashen Hausa na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, za su iya ware makonnin kaka na zangon karatu su haɗa littattafai biyu biyu: Jiki Magayi da Otranto, Shelley da Saadawi, tatsuniyoyin Edgar da labarin da ɗaliban ke bi a wayoyinsu a wannan makon. A bar ɗalibai su kawo na wayar da kansu, kada malami ya raina shi, domin sun fi shi sanin wanda ke tashe. Akwai kuma aiki na gaggawa da ya wuce aji. Edgar ya tara nasa fiye da shekara 110 da suka wuce, akasari daga bakin malamai maza, alhali tatsuniya ta mata ce. Tsofaffin da suka iya ta da harshen Kabi suna nan a Augie da Bayawa da Birnin Tudu, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ɗalibi yana da na'urar naɗar murya a aljihunsa.