Kakanninmu Sun Riga Jami'a Sanin Lissafin Gona

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Ranar da na samu gurbin karatu a jami'a, na gaya wa Baffana cewa tattalin arzikin noma zan karanta. Ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu kai duk bokon nan, gonar dai za ka dawo?" Na ce, "Baffa, lissafinta zan koyo." Ya yi dariya ya ce lissafin gona ai a rumbu yake. A lokacin na ji haushi. Sai da na karanta tarihi na gane gaskiyarsa.

Mu koma 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano. Turawan Ingila auduga suke so, domin masaƙunsu na Lankasha. Sun yi zaton da zarar jirgi ya fara jigila a 1912, ƙasar Kano za ta cika taragu da auduga. Amma manomi ya duba ya ga masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja. Ya ga gyaɗa kuwa tana da kuɗin da zai biya haraji, tana zama tare da gero da dawa a gona ɗaya, ga harawa ta dabbobi, in kuma shekara ta ƙi, a ci abarta. Sai ya zaɓi gyaɗa. Wani masanin tattalin arziki, Jan Hogendorn, ya rubuta littafi guda a kan wannan zaɓi a 1978. Abin da muke zana wa a allo da sunan auna riba da asara, kakanninmu sun yi shi ba alƙalami. Daga nan fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga harkar, har aka kai ga dalar gyaɗa.

To amma wa ya ci ribar? A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda ita ke yanka farashi. Sau da yawa abin da take ba manomi bai kai farashin kasuwar duniya ba, rarar ta tafi asusun gwamnati. An yi ayyukan raya ƙasa da kuɗin, ba mu musa ba. Sai dai mai fartanya ba ya wurin da ake yanke hukunci. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, dala ta rushe. A 1986 aka soke hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya, aka bar manomi da kasuwa.

Akwai wani darasin daga Samaru ta Zariya. A tsakiyar shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da kowane gida ya yi da abin da ya girba. A zamanin, malaman gona na ganin haɗa shuka a gona ɗaya rashin wayewa ne. Lissafi ya nuna akasin haka: mai haɗa gero da dawa da wake yakan fi samu a fili ɗaya, kuma in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai rufa asiri. Haka Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano, inda jama'a suka yi yawa, gonaki ƙanana, ana nomawa duk shekara ba hutu, amma takin gida da toka da dabbobi suka riƙe ƙasar. Duk wanda ya tashi a Ɗanbatta ya ga jakuna da amalanke na kai taki gona da rani, ya san wannan.

Yau muna da madatsar ruwa ta Tomas a kusa da mu, muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a nan Ɗanbatta, ga kasuwar Dawanau ba nisa. Amma matsalar 1949 tana nan, riga kawai ta sauya. Manomi ya ci bashin taki da damina, ya sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saye shi da tsada kafin sabo ya nuna. Gonar gado kuma kullum raguwa take, don ana rabawa tsakanin magada. Wallahi wannan ba lalaci ba ne, rashin ƙarfin jira ne. Wanda ke da wurin ajiya da jari, shi ke kwashe gumin wani.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana matasa, kada wanda aka ba wannan fanni ya ɗauka an jefar da shi. Amma in ka karanta, kar ka dawo kana yi wa dattawa lacca. Ɗauki littafi ka zauna da mahaifinka: nawa aka kashe a iri, taki, huɗa, noma da girbi? Buhu nawa aka samu, nawa aka sayar, a wane wata? Ku haɗa kai ku goma ku ajiye hatsi tare, ku sayi taki tare. Bara na yi wa Baffa wannan lissafi a gonar wakensa. Da ya ga abin da ya bari a hannun masu saye saboda gaggawar sayarwa, bana ya ce buhu uku ba za su fita ba sai bazara.

Ku faɗa mana yadda ake yi a garinku. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan noman rani a Tomas.