Ƙarfe Mai Ƙirar Gilashi da Jarrabawar Nukiliya

Cikin shekarar 1960, a jami'ar fasaha ta Kaltek da ke Kalifoniya ta Amurka, Farfesa Pol Duwez da almajiransa biyu, Klement da Willens, suka narka zinariya da silikon, suka sanyaya narkakken da saurin da ya kai digiri miliyan ɗaya cikin daƙiƙa guda. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe, bisa al'ada, sukan jeru sahu-sahu idan ya daskare. A wannan karon ba su sami sukunin jeruwa ba, sai suka sandare a warwatse, kamar yadda suke a cikin gilashi. Ta haka aka sami abin da ake kira ƙarfe mai ƙirar gilashi.

Bayan shekara bakwai, watau 1967, masana a tashar nukiliya ta Dounreay a Sikotilan suka gano cewa ƙarfe marar tsatsa da ya daɗe cikin tukunyar nukiliya yana kumbura. Dalili kuwa, ƙwayoyin niyutiron suna tumɓuke zarra daga sahunsu, guraben da suka bari su taru su zama ƙananan ramuka. Nan fa tunani ya koma ga sabon ƙarfen. Hujjar mai sauƙi ce, har ta so ta yi sauƙi da yawa: abin da ba shi da sahu, wane sahu za a ɓata masa?

Amsa ta fito daga Cibiyar Hahn-Meitner ta Berlin a 1983. Klaumünzer da Schumacher suka harba ƙwayoyin zarra masu nauyi da tsananin gudu kan siririn falle na faladiyam da silikon. Fallen ya yi ta faɗi yana rage kauri, sai ka ce maƙeri ya ɗora shi bisa uwar maƙera yana dukansa da masaba, alhali kuwa a cikin matsanancin sanyi ake gwajin. Sai a 1995 Trinkaus da Ryazanov suka kawo bayanin da akasarin masana suka karɓa: kowace ƙwaya takan narka ɗan siririn layin da ta ratsa, wurin ya buɗa ta gefe, ya sake daskarewa kafin ya koma yadda yake. Miliyoyin irin wannan ratsawa su ne dukan masabar.

Har ila yau, idan zafi ya haɗu da harbin, ƙarfen yakan koma ga jeruwar da aka hana shi tun farko, ya rasa ƙirar gilashin ɗungum.