Mai Faci da Ramukan Kwalta: Tarihin Sana'ar da Ake Ɗora wa Laifi

Daga Kwanar Dangora zuwa Mararrabar Jos har Tafa, duk inda manyan motoci ke yada zango akwai wata alama da ba ta bukatar rubutu: tsohuwar taya a kafe a bakin kwalta, kusa da ita injin ba da iska da rabin duro cike da baƙin ruwa. Nan ne wajen mai faci. Ba ya cikin jerin sana'o'in gado irin su ƙira da jima da dukanci, ba shi da sarauta a fada, maroƙa ba su san kirarinsa ba, amma ba direban da zai kama doguwar hanya bai san inda zai same shi ba. In taya ta fashe aka yi asarar rai, sunansa ne kan fara fitowa a bakin mutane: ya cika iska, ya liƙe abin da bai kamata a liƙe ba. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma tarihin sana'ar ya nuna cewa an kafa ta ne domin wata irin ɓarna, yau kuma ana kawo mata wata dabam. Mai faci ya gaji ilimin toshe hujin ƙusa a jikin tif, sai ga shi ana ɗora masa tayar da ramin hanya ya karya mata zare, kuma waɗanda suka bar hanyar ta lalace, suka bar masana'antun taya suka mutu, ba a cika ambatonsu ba.

Faci tagwaye ne da tayar iska, tare aka haife su. A 1844 Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa ɗanyen roba da farar wuta a Amurka, abin da ya sa roba ta daina narkewa a zafi da sandarewa a sanyi. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi rajistar tif mai iska da ya naɗa wa keken ɗansa, ko da yake Robert Thomson ya riga shi da wannan tunani tun 1845 ba tare da duniya ta kula ba. Tayoyin farko manne suke da ƙafar keke, in suka huje sai an ɓata sa'o'i ana ɓamɓara da liƙi. Wannan wahala ce ta sa 'yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a mayar a 1891. Da suka gwada ta a jikin mota a tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa a 1895, faci ya yi ta tsayar da su a hanya har suka iso a makare. A 1904 kuma wasu 'yan'uwa biyu masu suna Davies a garin Llanelli na Wales suka fara sayar da ƙafar safaya da ake ɗaurawa a mota. Kowane mataki a cikin waɗannan amsa ce ga tambaya guda: in iska ta sace a tsakiyar hanya, yaya za a yi?

A ƙasar Hausa jirgin ƙasa ne ya buɗe wa taya ƙofa. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, daga baya reshe ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Gyaɗar da ake nomawa nesa da dogo sai an kawo ta tasha, aikin da jakuna da raƙuma suka fara, motocin ɗaukar kaya suka karɓe a hankali a kan hanyoyin burji. Amma abin da ya kai faci kowane lungu shi ne keke. Malamin makaranta, ma'aikacin En'e, ɗan kasuwar ƙauye, kowa burinsa Raleigh, ga kuma ƙasa mai ƙaya. Mai gyaran keke a gindin bishiya shi ne kakan mai facin yau. Kuma bai zo wa mutanenmu a matsayin baƙon abu ba, don al'ummar da ke da gyartai mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya ta riga ta yarda cewa abin da ya fashe gyara ake yi masa kafin a yi maganar yarwa.

Aikin da ya gada aiki ne da ido ke gani, kuma yana da kyau a dube shi da kyau don a san darajarsa. Ya sa liba ya ɓalle taya daga rim, ya zaro tif, ya ɗan hura mata iska, ya riƙa nutsa ta cikin ruwa taƙi-taƙi har inda kumfa za ta taso. Nan zai soka tsinken ashana don kada wurin ya ɓace masa. Ya goge wajen ya yi kaushi, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna faci ya daddanne. In hujin babba ne sai facin wuta: a ɗora ɗanyen roba, a matse da ƙarfe, a kife da tsohon fistin da aka zuba wa kananzir a kunna, zafi ya dafa robar har ta zama jiki ɗaya da tif. Wannan ita ce dabarar Goodyear ɗin nan, an sauko da ita bakin titi da kayan bola. Gwani ba ya mayar da tif sai ya zura hannu ya shafa cikin tayar ya lalubo ƙusar da ta yi ɓarnar. A wancan zamani tif ce ke riƙe iska, taya riga ce kawai a kanta, saboda haka wanda ya iya gyara tif ya iya kusan komai.

Sai tayar kanta ta sauya. Michelin ya yi rajistar tayar radiyal a 1946, kamfanin B.F. Goodrich ya sanar da taya marar tif a 1947, zuwa tsakiyar shekarun 1950 sababbin motocin Amurka da ita suke fitowa. Yau kusan kowace ƙaramar mota a Kano ko Maraɗi radiyal marar tif ce a ƙarƙashinta. Fuskarta mai taka ƙasa tana da ɗamarar waya, amma gefenta siriri ne, zaruruwa ne a jere aka lulluɓe da roba don ya riƙa lanƙwasa. In mota ta faɗa rami da gudu, gefen nan ne ke matsewa tsakanin bakin ramin da bakin rim, zaruruwan su tsinke daga ciki. Wani lokaci iska ta fice nan take, wani lokaci rim ya lotsa ta riƙa sacewa a hankali, mafi muni kuma tayar ta ci gaba da riƙe iska sai ɗan kumburi kamar ƙwai a gefenta. Ruwan duro ba ya nuna wannan, don ba huji ba ne. Ƙa'idar masu ƙera taya ita ce ana gyara huji ne in yana kan fuska kuma bai wuce milimita 6 ba. Yanka ko kumburi a gefe ba shi da magani sai canji, haka ma tayar da aka yi tafiya a kanta bayan ta sace. Duk facin da aka manna a ciki yana iya tare iska, amma ba ya ɗinke zaren da ke ɗauke da nauyin mota, kuma zafin kwaltar watan Afrilu da lodi da gudu za su ƙarasa abin da ramin ya fara.

A nan gizo ke saƙar, domin a daidai shekarun da taya ta zama abin da ba a cika gyarawa ba, a nan ne canza ta ya fi ƙarfin talaka. Akwai lokacin da Nijeriya ke ƙera tayarta: Dunlop a Ikeja, Michelin a Fatakwal, tun shekarun 1960, da robar da ake tatsa a kudancin ƙasar. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya cika tituna da babura da motoci, kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, kafin shekarar ta ƙare dala ɗaya ta haura naira 3, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Sabuwar taya ta zama ta masu hali, gwanjon Turai da ake shigowa da shi ta Kwatano ya cika kasuwa duk da cewa doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a 2008, bayan shekaru na rashin wutar lantarki da gasar tayoyin waje masu araha. Jirgin ƙasa kuwa ya riga ya durƙushe, siminti da mai da hatsi da shanu duk suka koma kan kwaltar da ba a gina ta don wannan nauyi ba. Ramuka suka yawaita, tayoyi suka tsufa, aljihu ya bushe, duka ukun suka haɗu a gaban mutum guda mai liba a hannu.

Za a ce wannan duk bai wanke shi ba, kuma haka ne. Akwai masu facin da ba su da geji, ko suna da wanda ya daɗe da mutuwa, sai su buga taya da ƙarfe su saurari ƙararta. Akwai masu duba lambar da ke gefen taya su cika iska har can, alhali wannan lamba iyaka ce, awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma ga yawancin ƙananan motoci bai wuce 30 zuwa 35 a geji ba. Akwai masu cusa tif cikin tayar da gefenta ya tsage su ce a tafi. Waɗannan kurakurai ne masu kisa, bai kamata a yi musu kwalliya ba. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban haya da ke da balas ɗin da zai kai wa mai mota da yamma shi ne ke cewa, "Malam, taimaka ka liƙe mini ta kai ni gida," kuma shi ne ke neman a ƙara iska don ya yi lodin da ya wuce ƙima. In mai faci ya ƙi, na gaba da shi zai karɓa. Yaron da ya koyi aikin kuwa a wajen ubangidansa ya koya, shi ma a wajen nasa, silsilar da ke komawa zamanin tif. Ba wanda ya taɓa yanka tayar radiyal ya nuna masa yadda zarenta ya kwanta.

Wasu kuma za su ce matsalar ba ta talauci ba ce, tunda manya ma tana cin su. Suna iya kawo misalin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi, wanda ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris, 2016, bayan tayar motarsu ta fashe. Wannan misali, a ganina, yana ƙarfafa hujjar ne. Motar minista ce, ba ta rasa kuɗin sabuwar taya ba, kuma binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya tabo gudu da yadda direba ya yi bayan fashewar. Jahilcin taya bai tsaya a bakin titi ba, ya game masu mota da direbobi da ofisoshi. Mutum nawa ne cikin masu zagin mai faci suka san cewa lambobi huɗun ƙarshe a gefen taya mako da shekarar ƙira suke nunawa, cewa 2319 na nufin mako na 23 na 2019? Nawa ne suka san cewa in taya ta fashe ana gudu, taka birki da ƙarfi shi ke kifar da mota, abin yi shi ne a riƙe sitiyari gam a saki totur har ta lafa? Nawa ne ke tsayawa su duba gefen taya da rim bayan sun doki rami, ko su tuna da iskar safaya kafin ranar bukata?

Akwai kuma masu ganin sana'ar ta kusa mutuwa, shagunan zamani masu injin cire taya da kwamfuta za su maye gurbinta. A Abuja da wasu unguwannin Kano da Kaduna ana ganin irinsu, amma tsakanin Funtuwa da Gusau da tsakar dare ba su nan. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ya cike gurbin, kowanne da ƙafa uku, mai faci bai rasa aiki ba. Matuƙar ana hawa iska a kan hanya mai ramuka, yana nan.

Tun da haka ne, hankali ya ce a yi amfani da shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana duba taya ne a shingen hanya in ta tare mota, amma kusan babu tayar da ke yawo a Arewa da ba ta ratsa hannun mai faci ba. Shi ne mai binciken da ƙasa ta samu kyauta ba ta sani ba. Masu facin suna da ƙungiyoyinsu a garuruwa da dama, tashoshi suna da shugabannin direbobi, jihohi suna da cibiyoyin koyar da sana'a. Horon da ake bukata ba mai tsawo ba ne: geji mai aiki, sanin awon iska, karanta shekarar taya, da rarrabe hujin da ake liƙewa daga karayar da ba a liƙewa. Sannan ƙungiyar direbobi ta tsaya masa, yadda in ya ce wannan tayar ta gama aiki ba za a tsallaka titi a sami mai liƙe ta ba. Gwamnatocin jihohi da Hukumar Kiyaye Haɗurra su fara da manyan tashoshin Kano da Kaduna da Zariya, ma'aikatun ayyuka kuma su cike ramukan kafin damina ta faɗaɗa su.