Jirgin Arctic: Ranar Da Maza Suka Bar Mata Da Yara A Teku

Kowa ya san labarin Titanic, amma shekara 58 kafin shi an yi wani hatsari da ya bar abin kunya a tarihin sufurin teku.

Arctic jirgin katako ne mai aiki da tururi, mallakin kamfanin Collins na Amurka. An sa shi a ruwa a 1850, yana jigilar fasinja, kaya da wasiƙu tsakanin New York da Liverpool. Lokacin gasa ake da kamfanin Cunard na Ingila, kuma gudu shi ne abin tinƙaho. A 1852 Arctic ya ƙetare Tekun Atlantika cikin ƙasa da kwana 10.

To, ranar 27 ga Satumba 1854, yana hanyar komawa New York ɗauke da mutum kusan 400, ya shiga hazo kusa da Newfoundland bai rage gudu ba. Nan ya yi karo da wani ƙaramin jirgin Faransa, Vesta. Kyaftin James Luce ya ɗauka Vesta ne zai nutse, har ya tura kwale-kwale a taimaka masa. Ashe jirginsa ne ya fi jin jiki! Vesta na ƙarfe ne, an raba cikinsa ɗaki-ɗaki, ruwa ya tsaya a gaba, ya lallaɓa ya kai gaɓa. Arctic kuwa ba shi da wannan shinge. Ruwa ya kashe wutar injin, bayan kamar awa 4 ya nutse.

Kwale-kwalen ceto 6 ne kacal, ba za su ɗauki ko rabin mutanen ba. Kyaftin ya ce a fara da mata da yara, amma ma'aikata da maza masu ƙarfi suka yi wawa a kansu. Ƙasa da mutum 90 suka tsira, akasari ma'aikata. Babu mace ko yaro ko ɗaya a cikinsu. Mai kamfanin, Edward Collins, ya rasa matarsa da 'ya'ya biyu. Luce ya tsira, ɗansa bai tsira ba.

Babu wanda aka hukunta. A 1856 wani jirgin kamfanin, Pacific, ya ɓace da kowa da ke ciki, a 1858 kamfanin ya durƙushe.

Kun ga dai, an zuba kuɗi a gudu da ƙawa, aka yi rowar kwale-kwale. Sai mun haɗu a shiri na gaba.