Injiniya da Mutanen Bakin Rijiya: Gurbin Ilimin Zamantakewa a Horon Injiniyoyin Ruwa a Damagaram

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ɗalibin injiniya ke bukata bayan lissafi da zane, ta ɗauki sha'anin ruwan sha a Damagaram da ƙasar Dakusa misali. Hujjarta ita ce, sanin jama'a da iya magana da su yanki ne na sana'ar kanta.

Gabatarwa

Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, irin wanda ba ya riƙe ruwa sosai a ƙarƙashin ƙasa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake kawowa na mayar da mazaunin gwamnatin mulkin mallaka Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo wa birnin ruwa: daga Gogo-Machaya a kudu, daga Ganaram da Arunguza a arewa, wajen Dakusa. Bututun kuwa yana ratsa gonakin gero da burtalin shanu da ƙauyukan da su ma ƙishirwa ke damu. Injiniyan da aka tura awon hanyarsa, kafin ya kafa turke sai ya zauna da mai gonar da maigari.

Darasin fanfon ƙauye

A 2000, Jean-Pierre Olivier de Sardan da Elhadji Dagobi sun wallafa nazari a mujallar Politique africaine kan yadda ake kula da fanfunan ƙauyukan Nijar. Sun nuna cewa kwamitocin da masu ayyukan raya karkara ke kafawa sukan faɗa cikin rigingimun gari, asusun gyara kuma yakan koma hannun wasu tsiraru. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne ga mai yawon karkara: fanfo tsaye da karyayyen hannu, mata sun aza jarka sun koma tsohuwar rijiya da guga, alhali ƙarfen da ya lalace bai fi tafin hannu ba. Ruwan yana nan a ƙasa, lissafin zurfin ma daidai ne. Abin da aka tsallake shi ne tambayar wa zai riƙe kuɗi, wa mutane suka yarda da shi, wace unguwa ce za ta ji an ware ta.

Ga kuma doka. Dokar karkara ta 1993 ta amince wa makiyaya haƙƙin kai dabbobi mashaya, ta kuma tanadi kwamitocin filaye. Wanda bai san wannan ba yana iya kafa kwamin shayarwa a tsakiyar gonaki, da damina ta faɗi rikici ya tashi.

Gurbin da ke cikin horo

A makarantar EMIG ta Yamai da jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Faransanci ake karatu, a bakin rijiya kuwa da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek ake magana. A ganina nan giɓin ya fi faɗi, kuma shi aka fi rainawa. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Washington, wadda aka ƙulla a 1989, sun sa iya bayani da aikin haɗin gwiwa da ɗa'ar sana'a cikin sharuɗɗan amincewa da digirin injiniya. Ba sai an kwafo tsarinsu kacokan ba. Abin da ya dace da mu shi ne ɗalibi ya yi wani ɓangare na horon fage a ƙaramar hukuma irin Dakusa, ya zauna da kwamitin ruwa, ya duba littafin kuɗinsu, ya saurari mata masu ɗiba da asuba. A ranar jarrabawa kuma ya bayyana zanensa da Hausa gaban maigari da wakilin makiyaya, makin da zai samu a nan ya shiga sakamakonsa kamar makin lissafi.